Ranar da Batir Ya Sha Kanwa

Jiya ina zaune a bakin shagon nan na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai aikin batir ba sana'a ba ce, ja ka ɗaura a ja, baƙi ka ɗaura a baƙi, shi ke nan. Na yi dariya har haƙorin da ya rage mini ya motsa. Ba laifinku ba ne. Kun tarar da batir rufaffe, ba ya shan ruwa, ba ya cin riga, in ya mutu ku ɗauko wani a kwali. Namu na da yana da ciki, yana jin ƙishi, yana kuma fushi. To ku ajiye wayoyin nan ku matso, in ba ku labarin aikin da ya kusa mayar da ni gonar ubana.

Na koyi aiki a Gwandu wurin wani tsohon soja, kowa Baba Soja yake ce masa. A wurin yaƙi ya koyi gyaran mota, ya dawo gida da abu uku: tari, tsawa, da wani ma'auni na gilashi mai tsawon kamu ɗaya da rabi. A kansa akwai roba kamar ƙwallo, a cikinsa akwai wata 'yar kwalba mai iyo da aka yi wa zane ja, fari da kore. Ka matsa robar, ka tsoma bakinsa a ramin batir, ka saki, ya zuƙo ruwan. In 'yar kwalbar ta taso har kore, batir ya ƙoshi. In ta nutse zuwa ja, ya galabaita. Ɗan tsotso muke ce masa, kuma a iyakar saninmu babu na biyunsa daga Gwandu har bakin gulbi. Sai da na shekara uku a shagon kafin Baba Soja ya yarda na riƙe shi, ran nan ma yana tsaye a kaina kamar an ba ni jinjiri.

Aikina na farko tarar ruwan sama ne. Kada ku yi dariya. Batir ba ya shan ruwan rijiya, ba ya shan na gulbi, ba ya shan wanda ya biyo indararo. Sai wanda ya faɗo daga sama kai tsaye cikin daron tangaran, a tsakiyar fili, shi ma ba ruwan farko ba, don na farko wankin sama yake yi. Da hadari ya haɗu, jama'a na gudu suna shiga ɗaki, ni ina fitowa da daro a ka. Mutanen unguwa sun daɗe suna aika wa uwata jaje. Ruwan da na tara da damina shi muke ɗurawa a manyan kwalabe masu rigar kaba, shi zai kai mu har wata daminar. Ruwan asid kuwa Baba Soja kaɗai ke haɗa shi, ni nawa in tsaya nesa in ga yadda yake cinye mana sutura. Rigata ba ta wata biyu sai ta koma rariya. Akwai ranar da na je gaisuwar suna, wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, gara ta a ɗakinku ko ɓera?"

Sai kanwa da man kaɗe. Kawunan batir sukan yi wani farin gari mai hana wuta wucewa. Ka jiƙa kanwa, ka tsoma tsumma, ka goga, garin ya yi kumfa ya wanke tas, sannan ka shafe da man kaɗe. Ku riƙe maganar kanwar nan, za mu dawo kanta.

Masu kawo mana aiki iri biyu ne. Akwai direbobin manyan motocin gyaɗa da auduga, akwai kuma masu rediyo, waɗanda a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Baba Soja yana da wani ɗan inji mai tari kamar mai shi, da shi muke caji. Wani ɗan kasuwa daga Kambaza yakan aiko da batirinsa a kan jaki duk kasuwa biyu. Rannan ɗan aiken ya kwantar da shi a mangala maimakon ya tsayar, ruwan ya tsiyaye a hankali, ya ci mangalar, ya kai ga fatar jakin. Jakin nan ya shigo Gwandu da gudun da ba a taɓa ganin jaki ya yi ba, ya wuce shagonmu, ya wuce kasuwa, sai a bakin tafki aka kama shi. Tun daga ranar, in ya hango ni sai ya juya mini baya ya shirya ƙafa.

Shekarar da nake son ba ku labari, saura kaɗan Turawa su tafi, damina ta yi ƙarfi har ta wuce misali. Hanyoyi suka yanke, manyan motoci suka daina zuwa, gidajen ƙasa suna ta zubewa, ba mai tunanin rediyo. Muka yi wata biyu injin cajin bai yi tari ba. Ruwan sama kam na tara har na rasa kwalba, sai dai ba batirin da zai sha. Idanun Baba Soja kuma suka soma hazo. Ubana ya aiko daga ƙauyenmu Ceberu cewa in aikin ya ƙi, fartanya tana nan ba ta yi tsatsa ba.

Ana haka sai ga saƙo daga Kalgo. Wani attajirin shinkafa, Alhaji Buhari, motarsa ta karye a gindi tun bazara, da ya ga ruwa ya shafe fadama sai ya sa aka ciro injin aka dasa a cikin wani ƙaton jirgin katako, aka haɗa masa farfela. Yana neman wanda zai zaɓa masa batir ya ɗaura. Baba Soja ya kira ni ya ce, "Umaru, kai za ka tahi. Idanuna ba su rarrabe ja da kore yanzu." Ya ciro ɗan tsotso daga kwandonsa mai auduga, ya miƙo mini, bai saki ba sai da ya ce, "Aro na ba ka. Kak ka bari kowa shi taɓa shi."

Batir shida muke da su a shago waɗanda masu motoci suka musanya muka farfaɗo. Na kwana biyu ina gwada su rami-rami, ina sa musu kaya ina sake gwadawa, na zaɓi biyu. Ɗaya na babbar mota ne, dalmar cikinsa sirara ce amma da yawa, irin wanda ke zazzage ƙarfinsa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ɗayan dalmarsa kauri gare ta, ba ya tsawa, amma zai yini yana ba da wuta kaɗan-kaɗan bai gaji ba. Na farko ɗan kokawa ne, na biyu jakin fatake. Na kuma tabbatar dukansu masu rami uku ne, ƙarfinsu ɗaya, don in rana ta ɓaci wani ya tsaya a madadin wani. Na tsayar da su cikin akwatin ƙaiƙayi, na ɗora a kan jakuna biyu, kwana biyu muna ratse kwari kafin mu isa.

Ni ɗan tudu ne, ban taɓa ganin ruwa ya kai inda ido ya kai ba sai ranar. Na tsaya nesa da bakin gulbi, na ƙi matsawa. Wani baƙin mutum mai faɗin kafaɗa da ke kan jirgin ya hango ni ya kwashe da dariya. Shi ne Namata, masunci ne, shi Alhaji ya ɗauka ya riƙe akalar jirgin, kuma tun farko ba ya son injin, don a ganinsa gwangwala da filafili sun ishi ɗan halak. Ya ce, "Wanga na masanin da anka aiko muna? Kai da ba ka san ruwa ba sai na buta!"

Alhaji ya iso da babbar riga, ya nuna mini abin da ya tanada. Ga fitila mai haska gaba, ga hon, ga kuma abin da ya fi so a duniya, rediyon mota da ya sa aka haɗa wa wata ƙatuwar lasifika aka ɗaure a kan rumfa. Da ya ga na sauke batir biyu sai ya ɓata rai.

"Kai yaro, motata batir guda gare ta, shekara huɗu tana zuwa Jega tana dawowa. Mi yas sa jirgi za shi ci biyu?"

Na durƙusa na ce, "Allah shi ja da ranka, in mota ta ƙi tashi, mi a kai mata?"

"A tura ta mana."

"To jirgi fa, wa ka tura shi tsakiyar gulbi?"

Jama'ar da ke bakin ruwa suka yi dariya, Alhaji ma ya murmusa. Na nuna masa cewa kafinta ya manna katako a gaban injin, ko ƙarfen murɗawa ba shi da wurin shiga. Na ce babban na tashin inji ne kaɗai, ko fitila ba za a rataya masa ba. Ƙaramin shi zai ɗauki rediyo da fitila da hon, in ya ga dama ya ƙare, injin bai san ana yi ba. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Amma dariyar da aka yi ta shige mini kai, kuma Namata ya ce, "Ku bar shi, da gwangwalata za mu dawo, ni na sani."

Sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba. Na zaro ɗan tsotso na ɗaga sama, rana ta haska gilashin, na ce, "Kun ga wanga? Babu irinai ƙasar ga duk. In jirgin ga ya dawo Kalgo da gwangwala, da hannuna zan jefa shi gulbi!"

Aka yi shewa. Kafin in mayar da shi kwando Namata ya miƙo hannu ya ce abin da aka yi rantsuwa a kansa ba ya zama wurin mai rantsuwa. Dattawan wurin suka ce gaskiya ne. Ina ji ina gani kayan Baba Soja, wanda aka ce kada kowa ya taɓa, ya shige jakar masunci mai ƙarnin kifi. Sai a lokacin na gane abin da na yi. In abin nan ya tafi, ba ni kaɗai zan koma gona ba, shagon ne gaba ɗaya zai rufe.

Wanda Alhaji ya ɗora a kan kula da injin wani dattijon Bafillace ne, Dikko, wanda ya shekara ashirin yana yi masa kiwo. Alhaji ya ce wanda ya riƙe shanu ɗari ba a rasa ko ɗaya ba, ba zai kasa riƙe ƙarfe guda ba. Mutum ne mai natsuwa, ba ya tambaya sau biyu, idonsa ne ke koyo. Ya tsuguna kusa da ni ina ɗaure batiran a kan wani dandamali mai murfi da na sa aka yi nesa da ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. Ya ga na buɗe murafen na ɗura ruwan sama.

"Ashe yana shan ruwa?"

"Yana sha, Baffa, amma na sama kaɗai."

Ya ga na goge kawunan da ruwan kanwa, farin garin ya yi kumfa ya tafi. Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya gamu da tsohon sani. Na nuna masa babban na ce wannan shi ne bijimin, shi ke ja. Na ji daɗin yadda ya gane da wuri, har na yaba wa kaina iya koyarwa.

Ranar tafiya gari ya waye tangaran. Za mu ratsa fadama zuwa wani tudu a wajen Diggi inda ruwa ya zagaye rugar da shanun Alhaji suke. Aka loda gero, gishiri, da buhu biyu na kanwar shanu, don sun daɗe ba su lasa ba. Rabin Kalgo ya zo kallo. Na yi bisimilla na danna sitata, wato abin tayar da inji. Injin ya kama tun kafin in ɗauke yatsa, hayaƙi ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa, wani mai tallan ƙosai ya ja da baya ya faɗa ruwa da tirensa. Alhaji ya danna hon ya fi sau goma. Jirgi ya tsaga ruwa, kawunan dawa da ruwa ya shanye suna wucewa ta gefenmu, masu ƙananan jirage suna ta kaucewa suna zaginmu suna dariya. Na manta da tsoron ruwa, na hau kan buhu na zauna na harɗe, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Namata ne kaɗai bai yi murna ba, yana riƙe da akala fuska a murtuke.

Kafin azahar muka isa tudun, na kashe inji. Mutanen ruga sun yi kwana arba'in ba su ga baƙo ba, sai ga jirgi mai ruri. Alhaji bai jira an gama gaisuwa ba ya murɗa rediyo. Aka yi sa'a ana kiɗan goge. Lasifikar nan ta ɗauka, sauti ya bi kan ruwa, maruƙa suka tsinke da gudu, samari suka yar da sanduna suka shiga rawa. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya, aka kawo fura da nono mai sanyi da man shanu yana yawo a kai. Aka zagaye ni ana tambaya yadda mai gogen ya shiga akwati, ni kuma ina bayani ina ƙarawa da nawa. Na sha ƙwarya ɗaya, aka ƙaro. Rediyo yana ta ci, raina bai ɓaci ba ko kaɗan, ai don haka na kawo biyu. Can nesa na hango Dikko ya zuba wa shanu kanwa a kwami suna ta lasa, daga baya na ga ya nufi jirgi da ƙwarya a hannu. Na ce a raina, Allah sarki, dattijon kirki, ko hutawa ba ya yi.

Da la'asar ta gabato aka loda buhunan shinkafa da wasu mata uku masu zuwa Kalgo da ƙoren nono. Na shiga jirgi ina taku ɗai-ɗai, na jira kowa ya zuba ido, na danna sitata.

Ƙyas. Shi ke nan abin da ta ce.

Na sake dannawa, ko ƙyas ɗin ban samu ba. Na ɗaga murfin dandamali. Jama'a, abin da na gani har yau ban manta shi ba. Babban batirin ya yi kumfa fari fat, ta fito ta ramukan uku, ta gangaro kan katako tana tsiyaya, sai ka ce tukunyar da aka manta a wuta. Na juya na ga Dikko yana murmushi, hannun rigarsa duk ya huhhuje.

"Baffa, mi kay yi mai?"

"Walle ni dai taimako niy yi," in ji shi. "Tun da sahe shika jan kaya, ba a ba shi komi ba. Shanu sun samu kanwa, shi a bar shi shina kallo? Na jiƙa mai da ruwan sama kuwa, yadda kac ce. Kuma ya so ta! Ina zubawa shina kumfa, ina ƙarawa shina shanyewa."

"Ƙaramin fa?"

"A'a. Wancan na waƙar Alhaji na, kuma bai yi aikin komi ba."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhu ba. Kanwar da ke cinye farin gari a waje, ita ce ke kashe asid in ta shiga ciki. Bijimina ya mutu murus da hannun mai ƙaunarsa. Kuma wa zan zarga? A wurin Dikko duk abin da ke shan ruwa yana aiki, haƙƙinsa ne a ba shi kanwa. Ni na ce masa yana sha, ni na ce masa bijimi ne, ni na goga masa kanwa a gabansa ban gaya masa ba a zuba ta a ciki ba.

Namata ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya zaro ɗan tsotso daga jaka, ya riƙe shi da yatsa biyu a saman ruwa yana lilo da shi. "Ɗan tudu, nan za ka jefa ko sai mun kai gida?"

Duk wannan abin goge bai fasa ba, samari suna ta rawa a bakin ruwa. Sai kunnena ya dawo kan kiɗan, na tuna rediyon yana shanye batirin da ya rage mini. Na yi tsalle na fizge wayar rediyo daga kan ƙaramin batirin. Kiɗa ya yanke a tsakiya, masu rawa suka tsaya ƙafa a sama, wata saniya ta yi kuka. Alhaji ya taso. "Kai! Wa ya ba ka izni? Yanzu za a shiga gaishe-gaishe!"

"Allah shi ja da ranka, ko gaisuwa ko gida, guda za ka zaɓa."

Na ce wa Namata ya ba ni ma'aunin in gwada abin da ya rage. Ya ce kayan rantsuwa ne. Alhaji ya sa baki, sai ya yarda, amma ya ciro zaren komarsa ta kamun kifi ya ƙulla a wuyan gilashin, ya naɗe ɗaya bakin a yatsansa. Haka na yi gwajin, ina ja yana ja. 'Yar kwalbar ta tsaya a fari, ta ɗan sunkuya wajen ja. Rabin ciki ke nan, a batirin da ba a yi shi don tashin inji ba. Dannawa ɗaya gare ni, in ta wuce babu ta biyu.

Na bar shi ya huta kamar tsawon salla, don batir in an sauke masa kaya yakan ɗan farfaɗo. Na kankare kawunansa da wuƙa har dalma ta yi ƙyalli, na kawo shi dab da inji don wayar ta gajarta, na ɗaure tamau. Na taɓa injin, da sauran ɗuminsa. Na ɗiga fetur a kafireta, wato inda inji ke shan mai. Duk da haka na san shi kaɗai ba zai iya juya ƙarfen nan ba. Sai idona ya faɗa kan igiyar da ke kafaɗar Dikko, irin wadda suke kayar da sa da ita. Na karɓa na naɗa ta zagaye huɗu a gargaren gaban inji, na miƙa bakinta ta gefe waje zuwa tudu. Na ce in na ce ku ja, ku ja kamar za ku kayar da bijimi.

Dikko ya kama gaba, samari biyar suka bi bayansa. Namata ya ce, "Wanga ai turi na, ba batir ba!" Alhaji ya dube shi ya ce, "Rantsuwa kan gwangwala anka yi. Kuma in bai tashi ba, kai za ka tuƙa mu da buhu talatin, gaba da ruwa." Namata ya dubi buhunan, ya dubi gulbi, ya dubi gwangwalarsa. Sai ya cusa ɗan tsotso a jaka, ya rataya ta a rumfa, ya diro tudu ya tofa yawu a tafi ya kama igiya.

Na yi bisimilla, na ce, "Ku ja!" na danna.

Sitata ta yi gurnani kamar mai ciwon haƙori, igiya ta miƙe, injin ya juya sau ɗaya, ya juya na biyu, ya yi atishawa, ya yi shiru na ɗan abin da ya ishe ni ganin gonar Ceberu da fartanya a jingine. Sai ya kama da wata irin ƙara. Igiya ta suɓuce, mutum bakwai suka zube cikin taɓo a kan juna, Namata a ƙasa. Matan nan uku suka rangaɗa guɗa, ƙwaryar ɗaya ta kife a kan ƙafar Alhaji. Ni kuwa ina tsalle a cikin jirgi ina ihu, na rungume Dikko da taɓonsa, na manta shi ya jawo mini.

Muna cikin tafiya, dainamo, abin cajin da ke jikin inji, yana mayar wa ƙaramin batirin abin da ya kashe, Alhaji ya matso yana share nono daga takalminsa ya ce, "To ka gani? Ashe guda ma ya isa." Na ɗaga murfin dandamali. Na nuna masa mai kumfar kawai, na ce da guda ɗin wancan ne fa? Sai ya ce in kawo masa wani babban, kuma in koya wa Dikko abin da ba a ba shi. Rana ba ta faɗi ba muka shiga Kalgo, hon yana tashi. A gaban dattawan nan Namata ya miƙo mini ɗan tsotso, zaren komar yana nan a wuyansa. Ya ce, "Ɗan tudu, ka ci. Amma ka sani da ƙarfina aka tashe shi."

Labari ya riga ni isa Gwandu, masu tallan nono sun kai shi. Na tarar da Baba Soja zaune a ƙofar shago. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa da tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya miƙo hannu, na sa masa ma'aunin. Ya shafa robar, ya bi gilashin da yatsa yana neman tsaga, har ya kai ga zaren. Ya shinshina.

"Kifi," in ji shi. "Na ce kak kowa shi taɓa shi."

"Na yi kuskure, Baba."

"Batir biyu, masu rami uku-uku, ka zaɓa daidai, ko ni haka zan yi. Bahillacen ma ba shi da laihi, abin da kak koya mai rabi shi ya cika da nashi sani. Amma kai, da kayan wa kay yi rantsuwa?"

"Da naka, Baba."

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Na sa rai zai mayar da shi kwando ya ce in kama hanyar Ceberu. Sai ya laluba ya kamo hannuna, ya ɗora mini shi a tafi, ya naɗe yatsuna a kai da nasa.

"To daga yau naka na. In ga ko za ka sake ɗaga shi bisa ruwa. Zaren ga kuwa kak ka kwance shi."

Jirgin Alhaji shi ya ciyar da shagon har hanyoyi suka buɗe, bayansa wasu biyu suka sa inji, duk ni na ɗaura musu batir bibbiyu. Dikko ya zama gwanin kula da batir, ya fi ni tsabta, sai dai har ya rasu in ya zo wucewa ta gaban babban yakan shafa masa baya.

Kai mai cewa ja a ja, baƙi a baƙi, shiga ciki ka ɗauko mini kwandon da ke saman kanta. Buɗe a hankali. Robar na canja ta sau huɗu, gilashin shi ne dai na Baba Soja. Wannan baƙin abin da ke wuyansa zaren Namata ne. A'a, kalla daga nan, kada ka taɓa.